Littafin Zanenki da Na Ƙone

Zuwa ga 'yata Hannatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ya sa kin sauka Zariya ba tare da wata matsala a hanya ba. Na ba mamanki ta sa miki ita a ƙasan jaka, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin isa kin huta. Na rubuta da Hausa domin yarenmu a bakina kawai yake, hannuna bai iya shi ba, Turancina kuma na bariki ne. Na san wayar hannu ta shigo Zuru yanzu, amma wannan ba maganar da zan tsaya ƙarƙashin lema a bakin tasha in yi ba ce, mai waya yana kallon agogo.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, jiya kika bar shi. Kin tafi koyon zane, kuma na san burinki ki riƙa yin littattafan nan na zane masu labari, irin na jaruman da ke tashi sama da ƙyalle a bayansu. Kina ganin na tsane su ne. Ban tsane su ba. Na fi ki son su a dā, kuma akwai abin da ya kamata ki sani game da ni da su.

Ina sabon soja a Legas na fara ganinsu. Wani mutum ne ke shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da ƙofar bariki, a cikinsu akwai waɗannan masu launi. Ni da na taso tsakanin duwatsu da gonar dawa ban taɓa ganin abu irin wannan ba: mutum ɗaya ya ɗaga mota, ya tare jirgi da ƙirjinsa, harsashi ya same shi ya faɗi ƙasa kamar tsakuwa. Rabin Turancin da na iya a cikinsu na koya. Na tara su har suka cika rabin akwatin ƙarfena.

Abokina Ɗanladi, wanda kika sani da Baba Ɗanladi na Manga, gadonsa na kusa da nawa. Tare muka yi golmo, noman da samari ke yi a gonar surukai kafin a ba su mata, tare kuma muka shiga soja. Shi ma yana karantawa, amma ba ya gama shafi biyu bai yi ƙorafi ba. Wata rana ya nuna mini wani shafi inda jarumin da abokin gabansa suka rushe unguwa guda suna faɗa.

Ya ce, "Bitrus, duba nan. Gidaje nawa suka faɗi?"

Na ce, "Ai ya ceci garin."

Ya ce, "To mai shagon nan na kwana fa, ina zai kai iyalinsa? Wa zai kwashe ɓaraguzan? Juya shafi mu gani."

Na juya, sai ga garin a tsaye fes kamar ba a taɓa shi ba. Ɗanladi ya yi dariya ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa yaɓe ɗakin da ruwa ya cinye ba. Wani lokaci kuma ya ce abin da ya fi ba shi haushi mutanen gari. Su dai aikinsu su tsaya a titi su nuna sama da yatsa, ko su ɗora hannu a ka suna jira a zo a cece su. Ya ce, "A Manga in gobara ta kama rumbu, ka taɓa ganin an tsaya jiran mai ƙyalle?" Na ce masa ba shi da zuciyar jarumta ne kawai. Haka na faɗa, kuma na yarda da abin da na faɗa.

Kina 'yar shekara bakwai aka kai mu aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa. Kin sha jin labarin daga bakina, amma ba yadda ya faru kika ji ba. Ga yadda ya faru.

Muna tsare da wata gada a bakin wani ƙauye, da hantsi, sai aka fara harbi daga cikin bishiyoyin da ke hayi. Muka kwanta bayan buhunan yashi. Daga wani gida mai rufin kwano, kamar taku hamsin daga inda muke, muka ji mace tana kuka tana kiran taimako. Hafsan da ke jagorantarmu ya ce kowa ya tsaya a wurinsa, motar sulke na zuwa, minti goma ne. Ni kuwa ban ji minti goma ba. Abin da na gani a raina shi ne ni ina fitowa daga gidan nan da matar a hannuna, kowa yana kallo. Ba zan ce tausayi bai cikin zuciyata ba, yana ciki, amma son a gan ni ya fi shi yawa. Na tsallake buhunan na ruga.

Ban kai rabin hanya ba harbin ya juyo kaina. Na faɗa wani kwatami na kasa gaba na kasa baya, na manta ma da bindigar da ke hannuna. Ɗanladi ne ya rarrafo ya kama ni ta wuyan riga yana ja. Saura kaɗan mu kai bayan buhunan, harsashi ya same shi a gwiwa. Da motar ta iso aka shiga gidan, babu kowa a ciki. Maƙwabta sun fasa bango ta baya sun fitar da matar da tsohuwar uwarta tun ina cikin kwatami. Mutanen ƙauye ne, da gatari da taɓarya, ba wanda ya san sunansu. Ɗanladi kuwa a asibiti aka yanke masa ƙafar.

Ban ce littafi ne ya harbe shi ba, kuma ban ɗora wa masu zane laifina ba. Amma abin da mutum ya shekara goma yana kallo yana sha'awa, shi ke tashi a ransa ranar da babu lokacin tunani. Littattafan nan sun koya mini cewa a kowane wuri mutum ɗaya ne ke da muhimmanci, saura 'yan kallo ne, wanda ya ce a jira kuwa matsoraci ne. Don haka, Hannatu, in kin zo zana taron mutane, ki ba su hannuwa. Ki ba su abin yi. Kuma a rayuwarki, in wadda kuke ɗaki ɗaya ko malaminki ya ce ki dakata, ki saurari dalilinsa kafin ki yanke cewa tsoro ne.

Na dawo gida da kunya mai nauyi, sai na yi abin da ya fi na farko muni: na gyara labarin. A bakin coci, a gidan suna, a gabanki da ƙannenki, sai ya zama ni na shiga cikin wuta na fito da mace. Da farko ban faɗa kai tsaye ba, na dai bar mutane suka ɗauka haka. Daga baya na fara ƙara gishiri da kaina. Ɗanladi yana Manga, tafiyar da kabu-kabu ke yi kafin shayi ya huce, amma na shekara shida ban taka gidansa ba. In na hango matarsa a kasuwa sai in bi ta layin masu tukwane. Bai taɓa ƙaryata ni ba, ko da labarin ya kai kunnensa.

Kina aji biyu a sakandare kika buɗe akwatin ƙarfen nan kika sami littattafan. Na ga kina karantawa ban hana ba. Har ranar Asabar ɗin nan da na dawo daga gona, kika tarye ni a tsakar gida da littafin makaranta mai layi, kika ce, "Baba, duba abin da na yi." Shafi ashirin da wani abu, da biro shuɗi da ja. Soja ne mai igiya uku a hannun riga, yana tashi sama da ƙyalle a baya, harsasai suna kauce masa, mace a hannunsa. Kin ba shi fuskata, har da tsagar da ke kumatuna. A shafin ƙarshe kin zana wasu sojoji sun ɓuya bayan buhuna, ɗaya ya rufe idonsa da hannu. Ba ki san kowa a cikinsu ba, amma ni na san wanda ke kwance a wurin.

Kin san abin da na yi. Na kwashe littafinki da duk na cikin akwati na zuba a murhu, mamanki tana tuƙa tuwo. Na ce shirme ne, zai hana ki karatu. Ba ki yi kuka ba, kin tsaya har wutar ta cinye, sannan kika ɗauki bokiti kika tafi rijiya. Tun daga ranar ba ki sake nuna mini ko da zanen kaza ba. Na san ba ki daina ba, ina ganin tawada a yatsunki, ina jin malamanku suna yabonki, amma ni an rufe mini ƙofa, kuma ni na rufe ta.

Ba karatunki na ji wa tsoro ba. Zanenki ya yi kyau har ya tsorata ni. Na ga ƙaryata a kan takarda, da hannun 'yata, kuma na ga kin yarda da ita da zuciya ɗaya. Maimakon in zaunar da ke in faɗa miki gaskiya, sai na hukunta ki a kan laifina. Ki riƙe wannan: in wani ya fusata da aikinki fiye da kima, kada ki yi saurin cewa aikin ne ba shi da kyau, wataƙila wani ciwo nasa kika taɓa. Ke ma in kin ji zuciyarki ta tashi a kan ƙaramin abu, ki tambayi kanki me kike ɓoyewa kafin ki ɗaga hannu ko murya.

Mamanki ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Washegari muna hanyar dawowa daga sujada ta rage tafiya har sauran suka wuce, ta ce, "Baban Hannatu, matar Ɗanladi ta faɗa mini komai tun shekarar da kuka dawo."

Na tsaya cak. Na ce, "Shi ne ba ki taɓa yi mini magana ba?"

Ta ce, "Ina jira ne ka gaji da kanka. Amma tunda abin ya kai ga ƙone wa yarinya littafi, gobe ka tafi Manga."

Na tafi. Na same shi zaune a gindin ɗorawa yana ɓarar gyaɗa, sandarsa jingine da kututture, ƙafar wandon a naɗe an ɗaure da igiya. Na shirya magana tun daga Zuru, amma da na gan shi duk ta gudu. Ya dube ni ya ce, "Bitrus, ka yi furfura." Ya turo mini kwarya ya ce in taya shi. Mun fi awa muna ɓara kafin na iya cewa ya yafe mini.

Ya ce, "Ƙafar ban riƙe ka da ita ba, ni na zaɓi in bi ka, kuma da kai ne ka gan ni a kwatami da ka zo. Shekara shidan nan ne suka yi mini zafi. Na rasa ƙafa, sai kuma na rasa wanda zan yi wa ƙorafi."

A ranar na ga yadda yake rayuwa. Yadda yake hawa tudun gonarsa da sanda, yana hutawa sau uku. Yadda wurin da aka yanke ke yi masa ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Yadda matarsa ta koyi huɗa da garma don shi ba ya iyawa. A littattafan nan an sha karya jarumi, wata mai zuwa sai ya miƙe ba ko tabo. An sha kashe shi, a yi jana'iza, kowa ya yi kuka, bayan ɗan lokaci a ce ashe bai mutu ba. Ina matashi wannan na burge ni. Yanzu ina ganin shi ne babban rauninsu. Labarin da ba a rasa komai a cikinsa har abada, mai karatu zai daina jin tsoro, daga nan ya daina jin tausayi. In kin raunata mutum a shafi na goma, ki bar shi da ɗingishinsa har shafin ƙarshe, ki nuna mana wanda ke wanke masa ciwon. Kuma in kin ɓata wa wani, kada ki bari mako ya zagayo. Kowace rana da kika ƙara, hanyar gidansa tsawo take ƙarawa.

Da na ce miki daga nan na yi hankali, da na sake yin ƙarya. Bayan na yi ritaya aka sa ni cikin 'yan banga saboda an san ni tsohon soja ne. A shekarar an yi ta satar awaki. Ranar kasuwa aka nuna mana wani baƙo, wai an gan shi yana zagaya turken dabbobi. Rabin fuskarsa ƙuna ce, ido ɗaya ya shanye. Ina ganinsa na ce a raina shi ne. Ban tambaye shi komai ba na mare shi a gaban jama'a, hularsa ta faɗi. Sai ga wani mai sayar da hatsi ya taso da gudu ya ce wannan ai Malam Garba ne daga Kanya, akuya ya zo saya don sunan jikarsa, ƙunar kuma a gobarar gidan maƙwabcinsa ya same ta. Malam Garba ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya ce mini, "Ba kai ne na farko ba, soja." Na bi shi har Kanya na ba da haƙuri, ya karɓa, amma marin bai koma hannuna ba. Ɓarawon da aka kama daga baya saurayi ne mai tsabta, kullum rigarsa a goge.

Ki duba yadda ake zana mugu a littattafan nan: fuska a karkace, haƙora waje, tabo, ƙusumbi. Mai kyan hali kuwa kyakkyawa ne, kafaɗa a buɗe. Kafin mutum ya yi magana an riga an faɗa miki ko wane ne shi. Sannan jarumin shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, shi ne mai bulala, kuma labarin ba ya barinsa ya kama wanda ba shi ba. Wannan lalaci ne a wurin mai zane, a wurin mai karatu kuma guba ce. Kada ki taɓa sa halin mutum a fatarsa. A Zariya za ki haɗu da mutane iri-iri, masu yare da addini da ba naki ba. Ki bari su yi magana tukuna.

Akwai kuma matan da ke ciki. Yawancinsu ko suna faɗowa daga bene suna ihu, ko an sa musu kayan da ba za a iya ko tsallake kwata da su ba. Shekara biyu ina waje, mamanki ce ta noma gonar tudu, ta yi jinyar kakarku, ta goya ƙaninki a kabu-kabu har asibiti ranar da maciji ya sare shi. Ni na dawo aka yi mini guɗa, ita ba wanda ya ce sannu, har da ni. Ke mace ce, kin san yadda mace ke tsayuwa in ta gaji da yadda take tsayuwa in ta ƙudura abu. Ki zana abin da kika sani.

Duk da haka kada ki ɗauka na ce ki raina su. Akwai abu mai kyau a gindinsu: cewa wanda Allah ya ba ƙarfi bai kamata ya wuce mai rauni a hanya ba. Wannan gaskiya ce, ita ce ma ta sa na so su tun farko. Masu zanensu kuma gwanaye ne, sun iya sa takarda ta yi gudu, sun san inda za su tsaya don ki ƙosa ki juya shafi. Ki koyi wannan a wurinsu da kyau. In kina son jaruminki ya tashi sama, ki bar shi ya tashi, ba ruwana. Amma ya kasance yana da gidan da yake komawa, da wanda ke iya ce masa ya yi kuskure, kuma wani lokaci ya kasance ya yi ɗin.

Makon jiya na je Manga na faɗa wa Ɗanladi an ɗauke ki a makarantar zane. Ya yi murna ƙwarai. Na kuma ce masa zan rubuta miki komai, in ya yarda. Ya ce, "Rubuta. Kuma ka ce mata in ta dawo hutun Kirsimeti ta zo da fensirinta, ina so a zana ni. Amma da ƙafa ɗaya. Kada ta ji tausayina ta ƙara mini wata."

Zan kai ki da kaina in kin yarda. In kin ga dama ki zana ni a gefensa, yadda nake, ba zan ce ki gyara komai ba. In kuma ba ki shirya nuna mini aikinki ba tukuna, zan jira, ba ni da bakin gaggauta ki. Shekara shida ke nan ban ce miki wannan ba: na zalunce ki ranar nan, Hannatu. Ki yafe mini.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki nemi majami'a kusa da ke, ki rubuto wa mamanki ko da layi biyu ne. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kare ki daga mugun abokin tafiya da mugun ciwo, ya sa albarka a hannunki da idonki, ya dawo mana da ke lafiya. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus